Lilon Ɗan Iya

"Kai Muntaka, ka shafa wa lilon nan kitse kuwa?"

Muntaka bai ko ƙarasa sallama ba tsohon ya cafke masa wuyan hannu. Yana durƙushe a bakin gadon kara. Shekara goma sha tara rabonsa da ɗakin nan. Ga shi da gemu, ga 'yarsa Hafsatu 'yar shekara bakwai ta laɓe a bayansa, amma Ɗan Iya na yi masa magana kamar ɗazu ya aike shi. Sai da Inna Hure, matar tsohon, ta ƙifta masa ido daga bakin ƙofa sannan ya samu bakin amsawa.

"Na shafa, Baba."

Ɗan Iya maƙwabcinsu ne tun Muntaka yana cikin tsumma, katanga ɗaya ta raba gidajen. Shi ne mutumin da ya tashi zuwa Makka a ƙasa yana saurayi, ya maƙale a Sudan shekara bakwai, ya dawo babu hajji, sai lilo a cikin kansa. Har ya tsufa abokan wasa ba su daina jansa da wannan ba. Amma fa lilon da ya gano can ya kafa a filin bayan kasuwa, na katako, mai kujeru huɗu yana juyawa sama da ƙasa, shi ya fito da garin. Sunan garin Tsamiya Uku, amma in ka je tashar Bici ka faɗi haka sai an tsaya tunani. Ce Lilo kawai, a nuna maka mota.

Daga lilo ya koma motar kara, da motar gwangwani, da keken waya, da jirgin langa-langa. Kafin a ankara rabin garin ya zama masu yi masa aiki. Gidan su Muntaka tayoyi suke yankawa daga tsofaffin silifa, matan unguwar gabas suna ɗinka wa 'yan tsana zane, maƙera kuwa har suka fi buga ƙafar mota a kan fartanya. Ran Sallah iyaye su kwaso yara tun daga Rimin Gado, ga mai alewa, ga mai hoto da labulensa, filin ba wurin sa ƙafa.

Wannan garin Muntaka ya yi ta zuba wa Hafsatu labarinsa a ɗakinsu na Rijiyar Zaki, har ta haddace launin kujerun. Sallah uku yana yi mata alkawarin zai kawo ta ta hau. Sallah ukun nan kuwa su ne na shekarun fari da tsada, a cikinsu ne kuma aka sallame shi daga masaƙa. Yarinyar ta daina tambaya, kuma wannan shirun nata ya fi tambayar ci masa rai. Da wani mai albasa ya gaya masa Ɗan Iya na kwance, sai ya sa ta saka kayanta na Sallar bara suka taho.

Da suka sauka sai garin ya juye masa. Tsamiyoyi ukun da yake kwatance da su babu ko ɗaya, sai kututture. Sau biyu yana shiga lungu yana ɓullowa inda bai sani ba, har ya tambayi wata mata hanyar gidan da aka haife shi, ta nuna masa tana yi masa kallon baƙo. Rumfunan 'yan tsana an daddaure awaki a ciki. Lilon kaɗai ya samu inda ya bar shi, tsaye cikin busassun karan geron da bai yi ba. Hafsatu ta ja ta tsaya, baki buɗe, ta ce ta hau? Ya ce ba a fara wasa kafin a gai da marar lafiya, ta bari sai gobe.

Yanzu ga tsohon ya hango ta, ya saki hannun uban ya yafito ta. Ya tambayi ta wa ce, aka gaya masa, ya sake tambaya, aka sake gaya masa. Da ya ji ba ta taɓa hawa ba sai ya yi salati, kamar an ce ba a yi mata suna ba.

"Gobe da hantsi ke ce ta farko," in ji shi. "Ki zaɓi jar kujera, ita ce ba ta kuka."

Bai kai hantsin ba. Rana na ɓullowa Muntaka ya ji salatin Inna Hure ta kan katanga, yana zauren Baba Ado, ƙanen Ɗan Iya, inda aka sauke shi. Ya zauna riƙe da kofin koko, bai sha ba, bai kuma ajiye ba. An shiga da Hafsatu cikin gida wurin mata, shi kuma ya bi maza.

Wanka da likkafani ba su ba da wahala ba. Kabari ma an haƙa, duk da ƙasar ta yi tauri har ta lanƙwasa bakin diga. Inda aka tsaya cirko-cirko shi ne wajen itace. Ba a tura wa mamaci ƙasa a jiki, sai an jera itace ko fasassun tukwane a bakin ƙaramin ramin da ke ciki, a lilliƙe da laka, sannan a rufe. To ina itacen? Abin da fari bai kashe ba murhu ya cinye. Wani ya ce a sari darbejiyar masallaci, wani ya ce ita kaɗai ce inuwar da ta rage. Wani ya kawo zancen tukwane, aka tuna masa matan garin da su suke zuwa rijiya mai nisa. Kowa na magana, ba mai jin wani.

Baba Ado ya shiga gida ya fito da saƙon Inna Hure. Ta ce tun bara, yana cikin hankalinsa, marigayin ya bar wasiyya a gabanta da liman: kada a sari bishiya saboda shi, kada a fasa tukunyar kowa, a rufe shi da katakon lilonsa. Liman ya gyaɗa kai ya ce haka aka yi.

Sai idanu suka dawo kan Muntaka, shi kuwa bai gane dalili ba sai da Baba Ado ya yi masa bayani. Lilon nan babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, 'yan turakun katako ne suka riƙe shi, kuma akwai wanda ake fara zarewa da wanda ake bari ƙarshe. In aka kuskure, dukansa zai rufto kan mutane, katakon ya tsattsage. Waɗanda suka iya sun mutu, ko sun tafi kudu neman abinci. Saura Muntaka, da ya yi shekaru yana sauke shi tare da mai shi duk farkon damina.

Kansa ya ɗaure tamau. Baki ɗaya ne ya faɗi magana biyu, bara ya ce a kwance lilo, jiya ya ce yarinya ta hau. Wacce ce tasa? Ta baran ce, da hankali da shaidu, ko ta jiyan, da ita ce ta ƙarshe? Ya san amsar da malamai za su bayar, amma ba malamai ne za su dubi idon Hafsatu ba. Ya ji haushin kansa ƙwarai. Jiya da la'asar ba abin da ya hana ta hawa sai shi da bakinsa.

Ya matsa kusa da Baba Ado, ya rage murya.

"Baba, juyi ɗaya. In ɗauko ta ta yi juyi ɗaya tak, sai in kwance."

Dattijon ya dube shi, ba da faɗa ba. Idonsa ya yi ja.

"Da gawa a kwance, Muntaka? Rana na yi, ɗan'uwana yana jira."

Muntaka ya tuɓe riga ya nufi filin, mutum shida na biye da shi. Abin mamaki, ƙafa ta manta hanyar gida jiya, amma hannu bai manta komai ba. Turken ƙasa na hagu, sai na sama da ke kallonsa, sai a tallafe kujera a zare na tsakiya. Yana yi yana gaya wa mutane inda za su riƙe, da kalmomin da aka gaya masa yana yaro. Da ya kai hannu kan sandar da lilon ke juyawa a kanta sai ya ji danshi. Kitse ne, sabo, ko wari bai yi ba. Wani a cikin masu riƙon ya ce ai duk Juma'a sai tsohon ya dogara sanda ya zo ya shafa, shekara uku ba yaron da aka kawo, har Juma'ar da ta wuce. Muntaka ya tsaya da hannu a wurin har sai da aka ce masa ya yi haƙuri ya ci gaba.

Aka yi salla a ƙofar gida, aka kai shi. Katakon ya zauna a bakin ramin ɗaya bayan ɗaya, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa, kamar don wurin aka yanka su. Na jar kujera ne kaɗai ya gaza da kamar taki guda, aka gwada ta nan aka gwada ta can, aka jingine shi gefe. Aka liƙe da laka, aka tura ƙasa, aka yi addu'a. Sai da suka kusa shiga gari Muntaka ya lura katakon na hammatarsa, bai san lokacin da ya ɗauka ba.

A filin ya same ta. Ta sulale daga wurin mata, tana tsaye da kayan Sallarta tsakanin ginshiƙai biyun da suka rage, tana kallon sama inda kujeru suke jiya.

"Baba, ina lilon?"

"Baba Ɗan Iya ya tafi da shi."

"Ai ya ce ni ce ta farko."

Ba ta jira amsa ba. Ta zare jan katakon daga hammatarsa, ta juya shi ta duba fentin, ta ɗora shi kan duwatsu biyun da ke tokare da ginshiƙan. Ta kakkaɓe zanenta ta zauna, ta riƙe gefe da gefe gam, ta rufe ido.

"To tura ni."

Muntaka ya durƙusa a cikin karan geron, ya sa tafin hannunsa a bayanta, da sauran kitsen a jiki.