Jigon Wasan Milka

Mako uku Milka ta yi tana rubuta wasan kwaikwayon da Zumuntar Mata suka nuna ranar godiyar kaka a cocinsu da ke Kafanchan. Labarin wata gwauruwa ne mai gonar citta, wadda kowace damina wan mijinta yake tura dutsen iyaka taku biyu cikin gonarta, har gonar ta koma kamar tabarma.

A al'adar cocin, idan an gama wasa, dattijo ɗaya ne ke tashi ya faɗi darasin da ke ciki. Sai ga Dattijo Yafet, wan marigayi mijin Milka, ya karɓi makirufo yana gyara murya. Tun kafin ya buɗe baki ran Milka ya fara tafasa.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji," in ji shi, "jigon wasan nan haƙuri ne. Gwauruwar kirki takan yi shiru ta bar wa Allah."

Ba a gama cewa amin ba Milka ta iso gaba, ta fizge makirufon.

"Wane haƙuri, Baba? Da hannun nan na rubuta shi. Jigonsa sata ne, satar gonar marayu!"

"Milka, zauna. Muna gidan Allah."

"Ai shi ya sa na kawo maganar nan. Ko ba ka gane hular da ɓarawon ya sa ba? Taka ce. Matarka ce ta ara mana."

Jama'a duka suka waiwaya wajen matar Yafet. Ko gezau ba ta yi ba, ta ci gaba da fifita da takardar tsarin sujada.