Gurnanin Firjin Mama

Mai gyara ya ja firjin daga jikin bango, ya tsuguna a bayansa yana girgiza kai.

"Da wannan gurnanin kuke zama? Ai ko injin niƙa ya fi shi kunya."

Auta ta yi dariyar yaƙe. Da gangan ta kira shi bayan Mama ta tafi asibiti. Tun rasuwar Baba, kullum bayan la'asar sai Mama ta jawo kujera ta jingina bayanta da firjin nan, ta lumshe ido, leɓenta yana motsi. Wallahi abin tsoro yake ba Auta.

Zazzaɓi ne ya tafi da jin Mama tun Auta tana goye. Baba kuwa direban bas ne mai son waƙa kamar me. Da ya ga kunne ya ƙi, sai ya riƙa kafa maƙogwaronsa tsakanin kafaɗun Mama, bakinsa a rufe, yana rera mata da ƙirji, tana jin waƙar a ƙashinta. Yara su yi ta tsokana, wai Baba ya tayar da mota. Auta ta manta da wannan sam.

Wata roba ce ta cinye a ƙarƙashin injin. Mai gyara ya sa sabuwa, firji ya yi tsit.

Da la'asar Mama ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta jawo kujerarta. Ta jingina. Ta gyara zama, ta sake jingina. Ta juya ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙarfen, ta daɗe a haka.

"Auta," ta ce da muryar nan tata mai ƙarfi da ita kanta ba ta ji, "yau babanku bai zo ba. Ko wani laifi na yi masa?"

Sai a lokacin Auta ta tuna da waƙar Baba. Ta fita da gudu har shagon mai gyaran.

"Malam, don girman Allah, tsohuwar robar nan."

"Ikon Allah! Ni gyara na koya, Hajiya, ban koyi ɓatawa ba."

Amma ya tono ta daga kwandon shara, ya biyo ta gida ya mayar. Firji ya ɗauki gurnani, har kofunan da ke kansa suna rawa.

Mama ta jingina, ta rufe ido. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta.

Can Mama ta miƙe, ta ɗauki kujerarta.

"Wannan ba shi ba ne," ta ce.