Busassun Sanduna Huɗu

Kwana shida da farautar da mashin Gundoin ya kuskure gadu ya kashe wani ɗan gidan Rotbald, mutanen gunduma suka taru a gindin babban itacen shari'a. Yayan Gundoin, Wulfoald, wanda sarki ya damƙa wa hakimci bayan rasuwar ubansu, shi ke zaune a kujera.

Tun safe ya ja Gundoin gefe. "Ƙanena, ka fita daga dangi, na ɗan lokaci kawai. In gaba ta tashi tsakaninmu da gidan Rotbald, sarki zai ƙwace gundumar nan. Bayan girbi zan maido ka da hannuna."

"Yaya, wanda ba shi da dangi fa, in an kashe shi babu mai bin jininsa."

"Ina raye? Kai dai tsoro kamar tsohuwa."

Gundoin mutum ne mai saurin yarda, abin da ya daɗe yana ba uwarsu haushi ke nan. Ya yarda.

Al'adar fita daga dangi ta ce a samo sanduna huɗu na itacen alda, mai tsirowa bakin rafi, a karya su bisa kai, a jefa gabas da yamma, kudu da arewa. Wulfoald da kansa ya miƙo masa su, an sassaƙe su tsaf, tsawonsu ɗaya. Gundoin ya ɗaga ta farko. Ƙas! Ko ƙarfi bai sa ba. Ya karya sauran, ya faɗi kalmomin: ba shi da gado a cikinsu, ba shi da rantsuwa, jininsa ba nasu ba ne. A bayan taro 'yan gidan Rotbald su biyar suka tashi ba sallama, suka nufi wurin dawakinsu.

Uwarsu Teudelinda ta dogara sanda ta zo, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki guntu ɗaya. Ta shinshina, ta kankare da farce.

"Gundoin, ɗanyen alda in an sare shi ja yake yi kamar nama, kuma lanƙwasa yake, ba ya karyewa haka. Wannan ya fi wata uku a rumbu."

"Inna, ai kwana shida ne da..."

Maganar ta maƙale. Ya tuna wanda ya tsayar da shi a bakin kurmin ran farauta, da wanda ya nuna ciyawar da ke motsi ya ce masa jefa. Tsoro ya kama shi.

Ya juya wajen kujera. "Yaya."

Wulfoald bai ɗago ba, yana gyara zoben hakimci a yatsansa. "Wa mutumin nan yake kira? A ba baƙo dokinsa. Hanya ɗaya ce, ta mashigin rafi."

Ta nan 'yan gidan Rotbald suka bi.