Rijiyar Ƙauye na Biyu

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin gwamnati, kafin masu tabarau na jami'a. Ni Lubinza, wanda ramin zinare ya rufta da shi sau biyu ya fito da ƙafafunsa. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara shida ke nan da na ce ruwan rijiyarmu ta Mwashigela ya lalace. Kyanwar matata ce ta fara tafiya a karkace. Sai awaki. Sai jikata Nkwaya, wadda cokali ya fara suɓuce mata. Masu wanke zinare da zaiba a kan tudu suke, rijiyar tana gangare, wannan ba ya bukatar boko. Na faɗa a taron ƙauye, aka ce giya ce ke magana.

Sai ga Kabula, wata ɗalibar jami'a daga birnin Mwanza, da kwalabe da littafi. Wata uku tana ɗibar ruwa, tana yankar gashin yara tana ƙullewa. Ni na nuna mata komai. A gidana take cin ugali, tuwonmu na masara, da ƙananan kifin dagaa, tana tsokanata, tana kirana Mzee, wato dattijo.

"Mzee, kai da ka yi karatu da mun shiga uku."

"Ko ban yi ba kun shiga, 'yata. Rubuta."

Ita ta gaya mini za a yi babban taro a jami'a, ɗalibai su gabatar da bincikensu, wanda ya zo na ɗaya a tura shi ƙaro karatu. Ta ce har babban jami'in ruwa zai zo. Na ce to, zan zo.

"Ba a zuwa da waɗanda aka yi wa tambayoyi, Mzee. Doka ce."

Na ce na ji. Ran taron na sa kwat ɗina, na hau mota, na zauna can baya kusa da ƙofa.

Minti goma ake ba kowa, sai a kaɗa ƙararrawa. Wani yaro ya yi magana kan buhun ajiye masara. Wata ta yi kan sauro. Sai Kabula ta hau. Wallahi ta iya. Ta haska hoton rijiyarmu a bango, ta ce zaibar da ke gashin yara ta wuce misali. Amma ba ta ce Mwashigela ba. "Ƙauye na Biyu" take cewa. Da ta kawo zancen kyanwa, sai ta ce in ji mai amsa na goma sha huɗu, tsoho, bai yi karatu ba. Ni ke nan. Lamba.

Aka tafa. Jami'in ruwa ya ɗaga hannu.

"Ina ne wannan ƙauyen?"

Malaminta, Farfesa Mwakalinga, ya riga ta. "Ranka ya daɗe, ƙa'idar bincike ta hana. An yi wa mutanen alkawarin ɓoye sunansu. A rubuto mana wasiƙa, kwamiti zai duba."

Na ga mutumin ya rufe biro ya sa a aljihu. Na san wannan rufewar. Na gan ta a ofis bakwai.

Na miƙe. "Mwashigela ne! Bayan kasuwar shanu, ka bi hagu. Ni ne goma sha huɗun, sunana Lubinza, ni ban ce a ɓoye ni ba!"

"Baba, zauna," in ji mai ƙararrawa.

"Ramin zinare bai zaunar da ni ba, sai kai da ƙararrawar akuya?"

Wasu suka yi dariya. Kabula ba ta yi ba. Jami'in kuwa ya fito da bironsa.

Wajen shan shayi ta same ni.

"Mzee, ka kashe ni. Za su ce ni na kawo ka."

"Zan rantse musu."

"Wa zai ji rantsuwarka a nan? Sauran mutum talatin da na yi wa alkawari fa? Masu ramukan zinare za su san wa ya yi magana."

Na ajiye kofin shayina, na koma kujerata.

Da yamma aka kira sunaye. Mai buhun masara ya ɗauki na ɗaya. Nata aikin aka ce an jingine shi, sai an binciki yadda asiri ya tonu. Ta tattara takardunta ta fita ta ƙofar da nake zaune, ko kallona ba ta yi ba.

Bayan mako uku mota ta zo Mwashigela, aka zuba wa rijiyar siminti. Ba su haƙa wata ba. Yanzu mata tafiyar awa biyu suke yi zuwa rafi, in sun wuce ƙofata su tofar da yawu. An kori masu wankin zinare, samarinmu na cikinsu, ba mai gaishe ni. Nkwaya har yau a baki ake ba ta abinci. Kabula ba ta sake zuwa ba. Na ji wai tana sayar da katin waya a Mwanza.

Amma tun ranar ba yaron da ya ƙara shan ruwan nan, kuma ni na yi wannan, ba farfesa ba. Masu cewa ƙarya na yi wa rijiya, kafin a rufe ta na cika jarka guda na ajiye a ƙarƙashin gadona. Duk mai shakka ya zo da kofinsa, ya zo da ɗansa. Ni zan zuba musu da hannuna.