Ya Cire Suna, Ya Bar Yatsu

Ran wata Litinin ce ta watan Agusta, ruwa ya tsuge tun asuba bai ɗauke ba har hantsi. Kwatocin Makera duk sun cika sun tumbatsa, masu Keke suna ta kauce wa ramuka suna zagin juna. A wannan safiyar Zakariyya'u mai faci ya lulluɓe injin iskarsa da leda, ya sa rigar da yake zuwa masallacin Juma'a da ita, ya nufi Unguwar Sanusi a jiƙe.

Shekararsa ashirin da huɗu, kuma ba abin da ya taɓa kai wa ƙarshe. Makaranta a aji huɗu na sakandare ya baro ta. Ya taɓa walda wata biyar, ya taɓa gyaran waya, ya yi kwandasta a layin Gonin Gora har ranar da ya yi faɗa da direba. Facin ma yana yi ne idonsa na kan titi.

Yayarsa Dije ce silar zuwansa. Bayan haihuwarta ta biyu ta yi wata uku ba ta magana, ba ta son ɗaukar jaririn. A gida an yi hayaƙi, an yi rubutu, shiru. Sai wata nas maƙwabciyarsu ta riƙa shigowa tana zama da ita, har ta gane abin da ke damunta ta kai ta asibiti. Dije ta warke. Shi ya sa da ya ji wata ƙungiya za ta horar da mutanen unguwa wata uku, su iya sauraro da tallafa wa masu damuwar ƙwaƙwalwa, kuma ba a neman takardar sakandare, bai yi shawara da kowa ba ya cika fom.

Dije ta ce, "In ka gama wannan, Zakari, ni zan sa a yi wa satifiket ɗin gilashi." Kafin mako ya zagayo ta kai wa kafinta aikin.

Su ashirin da biyu ne a ajin, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya. Malamarsu Madam Damaris, tsohuwar nas ce 'yar Filato, ga murya ƙasa-ƙasa, ga ido mai sa mutum ya gyara zama. Ran farko kalma ɗaya ta rubuta a allo: amana. Ta ce abin da mutum ya faɗa maka a kujera, a kujerar za ka bar shi ka tafi gida. Duk Alhamis kuma tana koya musu yadda ma'aikata ke kawo matsala gaban abokan aiki don neman shawara. Ba a faɗin suna, sai a ce "wani mutum" ko "wata mata". Wannan darasin ya yi wa Zakari daɗi, don shi dama gwanin ba da labari ne.

A mako na bakwai aka fara zaman biyu-biyu. Kujeru biyu suna kallon juna, minti talatin. Ɗaya ya faɗi abin da ke ransa na gaske, ɗaya ya saurara. Mai sauraro ba ya katsewa, ba ya ba da shawara, ba ya kare kansa, kuma ba ya cewa "sai haƙuri". Wannan ta ƙarshen ta fi ba su wahala, kusan kowa sai da ta kuɓuce masa.

Da Baba Alexander aka haɗa Zakari. Dattijo ne mutumin Akwanga, ya kusa sittin. Ya yi shekara ashirin a masaƙa a Kakuri, inda inji ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu. Yanzu bas ɗin wata makarantar kuɗi a Mahuta yake tuƙawa, ya kai yara da safe, ya zo aji, ya koma ya kwaso su da rana.

Ya ce, "Ɗana, ka shirya?"

"Na shirya, Baba."

Baba Alexander ya ce da aka rufe masaƙa ya yi kwana goma sha ɗaya bai runtsa ba. Ƙarar injuna yake ji a cikin kansa. Wata safiya ya sa kayan aikinsa, ya taka har ƙofar da aka garƙame, ya kama maigadi da kokawa wai sai ya buɗe masa, ya makara. Matarsa Martha ce ta kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ya yi mako biyar a kwance. Shekara goma sha biyar ke nan yana shan ƙwaya ɗaya kullum, yana ganin likita wata uku-uku, ko ciwon kai bai sake yi ba. Likitan da kansa ya rubuta cewa zai iya tuƙi.

"Martha ta sani, Fasto ya sani. Yau kai ne na uku. Na zo kwas ɗin nan ne don kada wani ya yi kwana goma sha ɗaya shi kaɗai."

"Sai haƙuri" ta zo har bakin Zakari, ya haɗiye ta. Da lokaci ya cika Madam Damaris ta dafa kujerarsa ta ce, "Kai kana da kunne." Rabon da wani malami ya yabe shi tun yana firamare. Ranar a ƙafa ya koma Makera bai ji nisa ba.

Ran Asabar da la'asar yana ɓamɓare taya a gindin mangwaron da yake faci, abokansa na kan benci. Akwai Bello mai Keke, akwai Tony bakanike.

Bello ya ce, "Dokta! Likitan mahaukata! Don Allah duba mana Tony, tunda Jemimah ta ƙi shi yake hira da sifana."

Tony ya ce, "Kai za a fara dubawa. Mutumin da ke yi wa akuya hon yana ce mata Hajiya a ba da hanya."

Aka yi dariya, har da Zakari. Sai Bello ya gyara zama ya ce, "Amma fa tsakani da Allah wahalar banza kake. Wanda kansa ya taɓa juyawa ya tafi ke nan. Ko ya dawo, ba duka ya dawo ba."

Zakari ya tuna Dije, ransa ya ɓaci. Ya ajiye ƙarfen da yake ɓamɓare tayar da shi.

"Ba ka san komai ba. Bari in ba ku labarin wani mutum. Ba zan faɗi suna ba, an hana mu."

Ya fara yadda ake yi ran Alhamis, "wani mutum". Amma da ya ga sun yi tsit suna kallon bakinsa, sai labarin ya ja shi. Ya kawo masaƙa, ya kawo kayan aiki, ya kwaikwayi kokawa da maigadi har Tony ya riƙe ciki. Sannan ya zo wurin da yake so ya kayar da Bello.

"Yau shekara goma sha biyar lafiyarsa lau. Yaran mutane yake kai wa makaranta kullum, ko kaza bai taɓa takawa ba. Da yatsu uku yake riƙe sitiyari a hagu, amma ya fi ka iya tuƙi sau goma."

Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya lanƙwashe yatsu biyu.

Tony ya daina dariya. "Tsaya. Bas mai ruwan ɗorawa na Mahuta? Baba mai yatsa takwas? Ai ni na canja masa birki wancan watan."

Bello ya ce, "Inna lillahi. 'Ya'yan yayata Jummai biyu, shi ke ɗaukarsu."

Zakari ya yi saurin sauke hannunsa. "Ba shi ba ne."

"To waye?"

"Na ce ba shi ba ne. Bello, don girman Allah, kada maganar nan ta bar bencin nan."

"Haba Dokta, wa zan gaya wa?"

Mutum ɗaya ya gaya wa, Jummai. Ita kuwa ta sa a zauren iyayen yara na waya, wai tambaya kawai take yi.

Ran Laraba kujerar Baba Alexander ba kowa. Alhamis ma haka. Ran Juma'a Madam Damaris ta shigo ba ta buɗe littafi ba. Ta ce an karɓe makullin bas daga hannun Baba Alexander, iyaye sun ce ba za su ba shi 'ya'yansu ba. Wata magana da ya ɓoye shekara goma sha biyar ce ta fita. Ta tambaye shi ko daga ajin nan ne, ya ce ba zai kira sunan kowa ba.

"Ni ban sani ba," in ji ta. "In daga nan ne, mai shi ya san kansa."

Ba ta kalli Zakari ba. Shi kuwa ji ya yi da ta kalle shi da ya fi masa sauƙi. Ya ƙura wa tsagar siminti ido har aka tashi. A gida Dije ta ajiye masa tuwo ya huce a rufe, ta tambaye shi sau biyu, ya ce zazzaɓi ne.

Washegari da hantsi ya tafi Mahuta. Sau uku yana wuce ƙofar gidan kafin ya yi sallama. Mama Martha ta leƙo, ta amsa gaisuwarsa da kalma ɗaya ta koma ciki. Baba Alexander na tsakar gida da singileti, yana wanke tsumman da yake goge gilashin bas da shi. Zakari ya durƙusa.

"Baba, ni ne. Wallahi ban yi nufin..."

"Tashi."

Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da kujerun roba biyu, ya ajiye su suna kallon juna. Ya cire agogonsa ya ɗora a gwiwa.

"Zauna. Minti talatin. Ka san doka."

Zakari ya zauna. Baba Alexander ya faɗi yadda ya kai wa mai makarantar takardar likita. Mai makarantar ta karanta, ta ce ita ta yarda, amma iyaye goma sha huɗu sun ce za su cire 'ya'yansu. Ya faɗi yadda wata yarinya 'yar aji biyu, wadda kullum shi ke ɗaure mata igiyar takalmi, ta tsaya a ƙofar bas ran Talata ta ce, "Baba direba, mamana ta ce kada in zauna kusa da kai." Ya ce Martha ta je kasuwa, mai kayan miya ta tambaye ta ya mai jiki. Ya ce jiya ya farka ƙarfe biyar kamar kullum, ya sa takalmi, sai ya tuna ba inda za shi. Ya ji tsoro, don ya taɓa sa takalmi haka sau ɗaya. Shi ya sa Litinin zai je ya ga likitansa, ba zai jira wata uku ba.

Bakin Zakari cike yake da magana. Yana so ya ce kare shi yake yi, yabonsa yake yi, Bello ne munafuki. Doka ta hana. Ya zauna hannuwa a cinya, yana kallon yatsun nan uku suna juya agogo.

"Lokaci ya cika. Faɗi taka."

Duk abin da Zakari ya tanada ya gudu, saura ɗaya. "Baba, ban faɗi sunanka ba."

Baba Alexander ya yi ɗan murmushin da ba daɗi a ciki. "Mutum nawa suka san sunana a Kaduna? Mai makarantar ma Direba take ce mini." Ya ɗaga hannun hagu. "Wannan suka sani."

"Ka yafe mini, Baba."

"Zan yafe. Ba yau ba."

Ran Litinin, kafin Madam Damaris ta ɗauki alli, Zakari ya miƙe. Ya faɗi komai, bencin, mangwaron, har yadda ya lanƙwashe yatsu. Ta bar shi ya kai ƙarshe ba ta katse shi ba.

Sannan ta ce, "Wani mutum da muke cewa ran Alhamis, a ɗakin nan muke cewa, tsakanin mutanen da suka ɗauki alkawari ɗaya. Ban taɓa cewa a kai shi gindin bishiya ba. Na gode da ka tashi da kanka. Amma wata mai zuwa gidajen mutane zan fara tura ku, kuma bana ba zan iya tura ka gidan kowa ba. In baɗi kana nan, ka zo mu yi magana."

Ya ɗauki littafinsa ya fita. Daga nan ya wuce makarantar Mahuta ya roƙi mai ita, ta ce an riga an ɗauki wani direba.

Ga abin da aka rasa. Baba Alexander ya rasa bas ɗinsa da yara talatin da ɗaya da yake kira da sunayensu, bai kuma koma aji ba. Ajin ya koma mutum ashirin. Zakari ya rasa mako huɗun da suka rage masa, da satifiket, da abokai biyu, don ya ɗauke bencin daga gindin mangwaro. Gilashin da Dije ta sa aka yi yana bayan ƙofar ɗakinta, ba komai a ciki.