Hutun da Muka Ba Baba

Tun ranar da aka binne Mama, Baba bai sake buɗe baki ya yi addu'a ba. Mun daɗe kafin mu lura, domin mu ne muke yi a madadinsa.

Wanda bai san Baba ba zai ce, to mene ne a ciki. Kafinta ne, dattijon ikilisiya kuma, amma a unguwa ba da kujerunsa aka san shi ba, da addu'a aka san shi. Mai zazzaɓi, mai jarrabawa, mai rigima da miji, wanda aka sace wa babur, duk falonmu suke sauka. Kafet ɗin da ke gaban kujerarsa har ya soma cinyewa saboda gwiwoyin mutane. Addu'ar abinci kaɗai idan ya kama, sai miya ta huce. Mama takan taɓa shi da ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ya yi kamar bai ji ba, ya wuce zuwa kan waɗanda ke kwance a asibiti.

Ranar jana'iza, ni da Yaya muka tsaya a bayan ɗakin girki muka yanke shawara cewa Baba zai huta. Ya ɗauki nauyin mutane ya isa, yanzu lokacinmu ne mu ɗauki nasa. Yaya ya karɓi sujadar safe. Ni na karɓi addu'ar abinci, kuma ina alfahari da cewa tawa ba ta bari tururi ya gama tashi. Fasto ma ya ba da goyon baya, ya sauke wa Baba hidimomin coci har sai ya murmure. Shagon ɗinkina kuwa a bakin ƙofar gida yake, don haka ni na zama mai gadi. Duk wanda na ga ya doso da fuskar damuwa, sai na tare shi da fara'a.

"Baba yana hutawa. Ku faɗa mini, za mu sa ku a addu'a."

Wasu su faɗa, wasu su ce ba komai, gaisuwa ce kawai. A hankali ƙafa ta ɗauke.

Namu matsalolin ma muka ɓoye. Makarantar da Yaya ke koyarwa ta sallami malamai, har da shi, amma kullum sai ya goge riga ya ce wa Baba ya tafi aiki, ya zagaya layi ya dawo ya shige bayan labulen shagona ya zauna yana tsinke mini zare. Ni kuma likita ya taɓa wani ƙulli a ƙirjina ya ɓata rai, ya ce in dawo a yi gwaji. Muka yi wa juna alkawari Baba ba zai ji ko ɗaya ba.

Wata rana na kai masa abincin rana, kafin in rufe ido in yi addu'a sai wata mai ɗinki ta ƙwala mini kira daga shago. Na fita da gudu. Da na dawo, na tsaya a bakin labule. Baba yana zaune, hannuwa a kan cinya, yana kallon kwano. Can ya ɗauki cokali ya soma ci. Bai rufe ido ba, leɓensa bai motsa ba. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha ba sai ya gode.

"Baba, ba ka yi addu'a ba."

Ya ɗago, ba kunya ba fushi. Ya ɗora yatsa a ƙirjinsa.

"Babu komai a ciki, Auta. Na leƙa."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Na koma shago na ɗinka hannun riga a baibai.

Ana cikin haka Fasto ya fara jerin wa'azi a kan rijiyoyin da ke cikin Nassi. Matashi ne mai kuzari, ba ya son wa'azi hannu biyu, don haka ya hau mumbari da guga da igiya. Ya ba mu labarin mutumin nan da abokan gaba suka cika rijiyoyin mahaifinsa da ƙasa, bai tafi neman sabon wuri ba, ya koma kan tsofaffin ya yashe su har ruwa ya ɓullo. Wata Lahadin kuma ya kawo na matar da Ubangiji ya tarar a bakin rijiya da tsakar rana, ya ce ta ba shi ruwa ya sha. Wannan kam ban gane ba. Mai ruwan rai gaba ɗaya, shi ne kuma mai roƙon ruwa? Na so in tambaya, amma hankalina yana kan na farkon, domin Fasto ya ɗaga gugan ya ce kowane gida su koma su nemo abin da ya toshe rijiyarsu, su yashe shi.

Ni da Yaya muka dubi juna. Baba yana zaune a tsakaninmu yana kallon fankar sama.

Neman abin da ya toshe ɗin ne ya kusa raba mu. Ni na ce maganin hawan jini ne, tun da aka canja masa yake wani sanyi-sanyi. Yaya ya ce in daina kawo kantin magani cikin al'amarin ruhu, aikin Shaiɗan ne. Ya shiga azumi, azumin kuma ya ƙara masa saurin fushi, ya riƙa yi mini tsawa a shagona a kan kujerata. Muka gayyato Fasto, ya zo ya ɗora wa Baba hannu, ya yi addu'a har gumi ya jiƙa masa kwala. Da ya gama, Baba ya gode masa sosai, ya tambaye shi ko an gyara ƙafar teburin ofishinsa mai rawa. Fasto ya fita yana sosa ƙeya. A ƙofa ya ce mana, mu duba ko akwai abin da Baba ya riƙe ya ƙi saki.

Nan Yaya ya tafa hannu.

"Kayan Mama! Duk inda ya juya ita yake gani. Ta yaya ruwa zai fito?"

Ni dai kaina ya ɗaure. Wani ɓangare na zuciyata ya ce haka ne, wani ya ce a'a, na rasa wanne ne Ruhu wanne ne gajiya. Amma ba ni da wata dabarar da ta fi tasa. Ranar da maƙwabci ya kai Baba asibiti duba jini, muka shiga ɗakin. Muka kwashe zannuwanta, da takalmanta da ke jere a ƙarƙashin gado, da tabaraunta, da kwalbar man zafi da ba ta gama ba. Muka sauke hoton aurensu. Muna yi muna waƙar yabo, ina rerawa ina kuka, Yaya yana ce mini wannan kukan ma ƙasa ce take fita. Muka zuba komai a akwati muka kai gidan ƙanwarta.

Baba ya dawo ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Ya daɗe yana kallon ƙusar da hoton ya bari a bango.

"An yi shara," ya ce. "Sannunku da aiki."

Daga ranar ya daina fitowa falo ma. Abincin da nake kai masa rabi yake dawowa. Yaya ya ce haka yasar rijiya take, sai ruwa ya ƙara gurɓacewa kafin ya tace. Na ce idan ya ƙara ce mini rijiya sai na jefe shi da almakashi. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, cewa mun binne Mama da hannun mutane, Baba kuma muna binne shi da namu, kuma ban san ta inda zan daina ba.

Wata safiya ina kan keken ɗinki, Yaya yana bayan labule da gogaggiyar rigarsa, sai ga matar direba daga ƙarshen layi, ɗankwali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Na miƙe na tare ta.

"Inna, lafiya? Baba yana hu..."

"Matsa, 'yar nan."

"Ki faɗa mini, za mu sa ki..."

"Ke na zo nema? Motar maigidana ta kife, yanzu haka yana ɗakin tiyata. Matsa mini!"

Na kama bakin zanenta, ta fizge. Mace ce mai jiki, ta wuce da ni kamar labule. Kafin Yaya ya fito daga maɓoyarsa har ta ratsa falo ta tura ƙofar ɗakin Baba. Muka bi ta a guje, Yaya ya manta cewa shi yana wurin aiki.

Baba yana zaune a bakin gado da singileti. Ta zube a gabansa, ta kamo hannunsa na dama ta ɗora a kanta da ƙarfi, ta riƙe.

"Dattijo, yi mini addu'a. Zai mutu ya bar ni."

"Ba ni da ita," ya ce a hankali. "Je ki wurin Fasto."

"Fasto yana da nisa, kai ne kusa. Yi da abin da kake da shi."

Ya yi ƙoƙarin janye hannun, ta ƙi saki. Na buɗe baki zan fara tawa gajeriyar don in fitar da shi kunya, sai na ga ya rufe ido.

"Kai," ya ce. Muryar ta fito a dushe. "Ka san ba na son magana da kai."

"Amin," in ji matar direba.

"Matan mutane nawa na kawo maka ka tashe su? Tawa guda ɗaya. Na roƙe ka a tsaye, na roƙe ka a durƙushe, na roƙe ka a bakin gadon asibiti har ma'aikata suna kewaye ni da tsintsiya. Ka yi kamar ba ka gida."

"Amin!"

"Tana tambayata, Dattijo, me ya ce? Ina ce mata yana ji. Ƙarya ka sa na yi mata, ko gaskiya? Har yau ba ka faɗa mini ba. Yanzu ko ƙyallenta babu a ɗakin nan. Ko ƙamshinta ba a bar mini ba."

Yaya ya yi tsalle ya kama kafaɗarsa.

"Baba, saɓo ne wannan! Ka daina, don Allah!"

Matar direba ba ta ko buɗe ido ba, ta kai hannu ta doke nasa.

"Bar shi, yana hanya."

Ni kuwa na tsaya jikin ƙofa, na rasa ko in rufe ido ko in toshe kunne. Idan addu'a ce, ban taɓa jin irinta ba. Idan faɗa ne, to da wa yake yi, tunda ya ce babu komai a ciki? Baba ya ci gaba, hawaye na bin gemunsa, yana kirga wa Allah laifuffuka kamar mai ƙara a gaban alƙali, matar nan tana buga amin a kan kowanne. Ya yi ta yi har maganar ta ƙare masa. Ya ja numfashi mai tsawo.

"To," ya ce. "Ga matar nan."

Muryar ta sauka, ta koma wadda na sani tun ina ƙarama.

"Mijinta yana hannun likitoci. Ban san abin da za ka yi ba, na daina cewa na sani. Amma ka tsaya a ɗakin nan da suke yanka shi. Ka riƙe hannunsu. Kada ka bar ta ita kaɗai a kan bencin jira, na san bencin nan, yana da sanyi. Cikin sunan Yesu."

Ta ce amin na ƙarshe, ta miƙe, ta share fuska da ɗankwali, ta fita da gudu ba ko sallama. Muka ji ƙarar ƙofar gida.

Hannun Baba yana nan a sama inda kanta yake. Ya dube shi kamar na wani, sannan ya sauke. Ya dube ni, ya dubi Yaya, bai tambayi abin da malamin makaranta yake yi a gida da hantsi ba.

"Duk tsawon lokacin nan," ya ce, "babu wanda ya yi ko ciwon kai a unguwar nan sai yau?"

Ya mayar da idonsa kan ƙofa.

"Na ɗauka sun daina zuwa ne don sun ga tawa ba ta karɓu ba. Kullum ina jin ƙofa, in ce ga wani nan. Sai in ji shiru. Na ce to, sun gane, Allah ya sallame ni, su ma sun sallame ni."

Duk fuskokin da na mayar daga bakin shago da fara'ata suka taso mini. Na dubi Yaya don ya yi bayani, shi da ba ya rasa bayani. Sai na ga yana kwance maɓallin wuyan rigarsa. Ya tako a hankali, ya durƙusa a inda matar ta tashi, ya sunkuyar da kai.

"Baba, sun sallame ni daga aiki. Tun tuni."

Baba ya ɗora masa hannu. Har yanzu ban san ko abin da zai fito addu'a ce ko faɗa ba, ban kuma san ta yaya zan faɗi nawa ba. Na cire tef ɗin awo daga wuyana, na durƙusa a bayan Yaya ina jiran ya gama.