Ƙofar Bangon Arewa

Shekara biyu da wata huɗu Clifford Illingworth ya yi yana gina rumfar kawunan jirgin ƙasa ta Cragley, kuma duk girmanta ba ta wuce kwalin takalmi biyu ba. Rumfar ta ainihi, wadda mahaifinsa ya yi shekara talatin yana wanke tukwanen injina a cikinta, an rushe ta tun Clifford yana ɗan shekara tara. Abin da ya rage masa hoto guda ne, baƙi da fari, wanda aka ɗauka daga kudu. Daga hoton nan ya ƙirga jerin bulo, ya fitar da tsawo da faɗi, ya zana a takarda, sannan ya haye ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gidansa da kwali da gam da reza. Da bakin allura ya riƙa tsaga layin bulo ɗaya bayan ɗaya, ya dama fenti da tokar murhu don bangon ya yi baƙin hayaƙi.

Bangon arewa ne kaɗai hoton bai nuna ba, don haka Clifford ya ƙago shi daga kansa. Ya sa masa wata 'yar ƙofa koriya, ba a tsakiya ba, can kusa da kusurwa, da matakala uku, da bututun ruwan sama wanda ya karkace ya kauce mata. Ya fi son wannan ƙofa da duk sauran ginin, don ita ce tasa shi kaɗai.

Bai taɓa kai rumfar ƙungiyarsu ta masu ƙananan jirage ba, yana ɓoyonta sai gasar watan Afrilu. Mutum biyu ne kawai suka taɓa ganinta. Akwai matarsa Marjorie, wadda kan miƙo masa shayi daga kan tsani ta koma. Akwai kuma ƙanenta Selwyn Broadbent, wanda matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, yake zuwa cin abincin rana kowace Lahadi. Shi Selwyn ƙananan tasoshinsa na kanti yake saya, irin wanda ake zubowa daga kwali a harhaɗa, kuma shekara arba'in ke nan suna tsokanar juna a kan haka.

"Suruki, har yanzu kana kan bulo?" Selwyn zai ce. "Ni na gina tasha uku tun da ka fara."

"Ka manna tasha uku dai. Ko jikata za ta iya, in an ba ta gam."

Ranar wata Asabar a watan Fabrairu suka tafi baje kolin ƙananan jirage a Wakefield, a zauren wata makaranta. Suna zagayawa tebur-tebur sai Clifford ya tsaya cak. Ga rumfar Cragley a gabansa, an ɗaura mata jan ƙyalle na lambar yabo. Wannan bai dame shi sosai ba, hoton ai ba shi kaɗai ke da irinsa ba. Amma da ya zagaya ta baya ya sunkuya, sai idonsa ya faɗa kan bangon arewa. Ƙofar tana nan. Koriya, kusa da kusurwa, matakala uku, har da bututun da ya karkace.

Mai teburin ba ya nan, ya tafi shan shayi. A jikin katin an rubuta: A. Pickersgill, Otley.

"Kai, ga 'yar'uwar taka," in ji Selwyn. Ya dubi katin, ya yi wani ɗan tari, ya ce bari ya je ya duba masu sayar da layin dogo, ya wuce da sauri.

A mota Clifford ya yi ta juya maganar har suka iso gida. Tarin nan ne ya tsaya masa a rai. Ruwa ba ya tsami banza. Ya tuna cewa a watan Oktoba Selwyn ya karɓi zanen, wai zai kai ɗakin karatu a yi masa kwafi don gudun gobara, kuma sai da zanen ya kwana huɗu a hannunsa. Ya tuna wani kan jirgi na tagulla, aikin hannu, da Selwyn ya zo da shi ƙungiya kafin Kirsimeti, da aka tambaye shi inda ya samo ya ce kyauta ce, ya canza magana. Sai kuma babba: tun kaka Selwyn ya daina zuwa ƙungiya ranar Alhamis. In an tambaya sai ya ce yana da uzuri.

"Ina ƙanenki yake zuwa ranar Alhamis?" ya tambayi Marjorie tana feraye dankali.

"Ka tambaye shi mana. Bakinsa na jikinsa."

"Ke na tambaya."

"Cliff, shekararsa sittin da takwas. Na daina riƙe masa hannu tun da daɗewa." Ta juya masa baya, amma ya lura kunnuwanta sun yi ja. To, ita ma ta san wani abu ke nan.

Ranar Alhamis ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya ja hularsa ƙasa, ya laɓe a bayan rumfar jiran bas, ya ga Selwyn ya fito da sabon aski da kwat ɗin zuwa coci. Bas ɗin da ya hau an rubuta Otley a goshinta. Clifford ya bi shi da mota. A Otley Selwyn ya sauka, ya shiga wani layi, ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gida mai shingen furanni, aka buɗe, ya shige kamar gidansu. Clifford ya yi rabin sa'a a tsaye ana yayyafi a kansa, bai ga kowa ba sai labule da ya motsa sau ɗaya. Ya koma gida yana cewa a ransa, biri ya yi kama da mutum.

Daga ranar ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin sama. Ko Marjorie sai dai ta ajiye shayin a gindin tsani. Idan ya zauna gaban rumfar, hannunsa ba ya iya ɗaukar hantsaki. Ƙofar kawai yake kallo. Yanzu in ya kai ta gasa, shi za a ce ya kwaikwayi wani.

Ranar Lahadi aka zauna cin gasasshen naman sa da dankali da kabeji. Selwyn na zuba romo ya ce, "Yau ba za a nuna mini bulo ba? Na ga kwaɗo. Ko zinariya aka fara ajiyewa a sama?"

Clifford ya ajiye wuƙarsa. "Ina kare abin da ya rage ne."

"Daga wa?"

"Da ɗan gari ai akan ci gari."

"Cliff," in ji Marjorie a hankali.

"A'a, bar ni. Selwyn, zanena ya kwana huɗu a wurinka. Wani mutumin Otley ya fito da ƙofar da babu ita ko'ina sai a kaina da takardar nan. Kai kuma ka samu kan jirgi na tagulla, kyauta. Kuma duk Alhamis kana Otley, gida mai lamba goma sha ɗaya. Na gan ka da idona."

Selwyn ya ajiye cokalin romo. "Bina ka yi?"

"Ka musa in ƙarya ne."

"Shekara arba'in," in ji Selwyn. "Ni na riƙe maka zobe ranar aurenka. Ni na kai ka asibiti ranar da zuciyarka ta buga. A kan kwali da gam ka mai da ni ɓarawo?" Ya miƙe, ya ninke adikonsa, ya sumbaci yayarsa a goshi. "Abinci ya yi daɗi, Yaya." Ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita.

Marjorie ta kwashe kwanuka ba ta dube shi ba. "Ya roƙe ni kada in faɗa, don haka ba zan faɗa ba. Amma ka yi abin kunya, tsoho."

Clifford bai ji kunya ba tukuna. Shi a ganinsa, wanda ba shi da laifi ai zai tsaya ya wanke kansa. Washegari ya nemi lambar Pickersgill a wurin sakataren baje kolin, ya buga masa waya. Murya mai kaushi ta amsa. Clifford ya faɗi sunansa.

"Illingworth? Kai ɗan Harold ne, mai wanke tukunya?"

"Ni ne. Mista Pickersgill, tambaya ɗaya zan yi maka. Wa ya ba ka zanen ƙofar arewa?"

"Zane? Wane zane? Shekara huɗu ina shiga ta ƙofar nan kullum da safe."

"Babu wata ƙofa a wurin. Ni na ƙago ta."

Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. "To ka zo Cragley gobe da ƙarfe goma, bayan babban kanti. Ka sa takalmin da ba ka so."

Clifford ya tafi da shirin kama ƙarya. Ya riga ya ƙudurta cewa Selwyn ya kira mutumin sun haɗa baki. Ya tarar da wani dattijo ɗan shekara tamanin da wani abu, gajere, yana dogara sanda. A inda rumfar take a da, yanzu wurin ajiye motocin kanti ne. Pickersgill ya ja shi can ƙarshe, bayan manyan kwandunan shara, inda ƙaya da ciyayi suka rufe wani guntun bango da aka bari ya zama katanga. Ya sa sanda ya yaye ƙayar.

Ga shatin ƙofa, an toshe ta da bulo mai haske. Matakala biyu na waje, ta ukun ta nutse a ƙasa. Ga ƙusoshin da suka riƙe bututun, sun yi tsatsa, sun bi layi a karkace. A jikin dutsen gefen akwai ɗan ɓurɓushin koren fenti, bai fi farce ba.

"Ta nan leburori ke shiga, don kada shugaban rumfa ya ga wanda ya makara," in ji Pickersgill. "Ranar Asabar mahaifinka kan shigo da wani yaro a kafaɗa, mai kukan tsiya, yana tsoron ƙarar tururi. Sai mu zaunar da shi a matakalar nan mu ba shi ɓawon burodi. Ba kai ba ne?"

Clifford ya durƙusa ya taɓa dutsen. Bai tuna kafaɗar ba, bai tuna burodin ba. Amma hannunsa ya san tsayin matakalar, kuma ya ji warin kwal da man inji kamar yanzu aka buɗe ƙofar. Duk da haka sai da ya yi tambaya ta ƙarshe, da ƙaramar murya.

"Ka san wani Selwyn Broadbent?"

"Ban taɓa jin sunan ba."

"Gidanka ba lamba goma sha ɗaya ba ne, mai shingen furanni?"

"Ni a bene nake, hawa na uku, saman kantin magani. Ina na ga shinge?"

Da ya dawo gida ya gaya wa Marjorie komai, a tsaye, ko hula bai cire ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce tun da ya riga ya je har ƙofar gidan, ɓoyo ya ƙare. Gidan matar da Selwyn zai aura ne, sunanta Beryl. Mijinta ya rasu, shi ne mai kan jirgin tagullar. Selwyn ya ji nauyin faɗa ne saboda marigayiya matarsa, ya kuma san Clifford zai yi shekara yana tsokanarsa. Da ya ga Otley a katin nan sai ya tsorata kada a tarar da wanda ya san shi. Zanen kuwa ya kwana huɗu ne don injin kwafin ɗakin karatu ya lalace.

"Kuma Beryl ta gan ka ta labule," in ji Marjorie. "Saura kaɗan ta kira 'yan sanda."

Sai da Clifford ya yi kwana uku kafin ya iya zuwa. Ya tarar da ƙofar Selwyn a buɗe, kwalaye jibge a zaure, ashe tashi zai yi ya koma Otley ƙarshen wata. Selwyn na saman bene yana kokawa da wani tsohon kabad na katako da ya maƙale a kwanar matakala. Ya leƙo ya ga ko wane ne, fuskarsa ba ta canza ba.

"Selwyn, ƙofar nan akwai ta. Na gan ta. Ni ne na yi kuskure, kuma abin da na faɗa maka..."

"Na ji. Yaya ta gaya mini."

"Ina neman afuwa."

"Ba yau ba," in ji Selwyn. "Wataƙila bayan biki, in ka zo da fuskar mutane. Yanzu dai ko ka kama ƙasan kabad ɗin nan, ko ka matsa daga hanya kada ya danne ka."

Clifford ya tuɓe kwat ya rataya a jikin ƙofa, ya hau matakala huɗu, ya sa kafaɗa. Kabad ɗin ya fi yadda ya zata nauyi.

"Ɗaga ta hagu," in ji Selwyn daga sama. "Hagunka, ba nawa ba. A hankali, kada ka goge mini bango, masu gida za su duba."

Suka sauko da shi mataki-mataki, suna nishi.